Kwamfuta ta ƙi tashi, tana cewa wani fayil ya ɓace: tambayoyi da amsoshi

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini kwamfuta shago da magana iri ɗaya ba: "Jiya lafiya lau na kashe ta, yau ina kunnawa sai ga wani rubutu." Yawancin masu kawowa tun daga gida sun yanke hukuncin cewa fomat za a yi, wasu ma har sun haƙura da hotuna da takardun da ke ciki. Wannan yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa fayil ɗaya ne tak ya ɓace, wani lokacin ma yana nan daram, hanyar zuwa wurinsa ce ta ɓace wa Windows. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini. Bayanin ya fi shafar Windows 10 da 11, inda tsofaffin suka bambanta kuma zan faɗa.

Saƙon yana maganar wani "sabis" da ya kasa tashi. Wane sabis ke nan? Na ɗauka sabis na waya ne.

Ba shi ba ne. A Windows, sabis ƙaramar manhaja ce da ke aiki a bayan fage, ba ka ganin ta, ba kai kake kunna ta ba. Akwai mai kula da sauti, akwai mai kula da firinta, akwai mai nemo wa kwamfuta adireshi idan ka haɗa ta da intanet. Kamar ma'aikatan da ke riga kowa isa ofis ne su buɗe ƙofofi su kunna fitilu. Mai kiran sunansu kowace safiya shi ne Service Control Manager. Yana da rajista da aka rubuta sunan kowane sabis da inda fayil ɗinsa yake zaune. Idan ya je adireshin bai tarar da kowa ba, sai ya rubuta cewa wane bai zo aiki ba. Wani sabis ɗin kuma ba ya iya tashi sai wani ya riga shi, don haka ɓacewar fayil ɗaya kan kwantar da uku ko huɗu a jere.

Saƙonnin kala-kala ne. Yaya zan gane irin nawa?

Lura da inda kwamfutar ta tsaya, shi ne rabin ganewa.

Idan tun kafin tambarin Windows ya fito ta tsaya, da baƙin allo mai cewa "BOOTMGR is missing", ko shuɗin allo mai ambaton winload.efi ko winload.exe tare da lamba irin 0xc000000f ko 0xc0000225 ko 0xc0000098, to matsalar a bakin ƙofa take. Windows bai ma fara aiki ba, fayilolin da ke tashe shi ne ba a samu ba, ko kundin da ake kira BCD, wanda ke nuna inda Windows yake, ya lalace.

Idan tambarin ya fito, ɗigogin nan suka yi ta juyawa sannan ta faɗi da shuɗin allo, misali 0xc000021a ko CRITICAL_PROCESS_DIED, to an shiga gida amma wani ginshiƙi ya karye.

Idan kuwa ta kai ka har fuskar aiki, wato desktop, sai dai wani ɗan akwati ya fito da ƙorafi, ko ka ga babu sauti, ko firinta ta ƙi, wannan shi ne mafi sauƙi, domin kana da Windows a hannu da za ka yi bincike da shi.

To me ke sa fayil ya ɓace alhali ni ban goge komai ba?

A wurinmu nan, babban dalili shi ne ɗaukewar wuta. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato na'urar batiri da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ko laftof da batirinta ya mutu sai da caja take aiki, idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubuta wani abu, wannan abin yakan tsaya rabi da rabi. Mafi muni shi ne lokacin sabuntawa, sa'ad da allo ke roƙon kada a kashe ta. A daidai lokacin Windows yana cire tsofaffin fayiloli yana sa sababbi. Idan wuta ta tafi bayan an cire tsoho kafin a sa sabo, gurbin ya zama fanko. Haka ma mai gajen haƙuri da ya danne maɓallin kashewa don ya ga lambar ta daɗe a kashi 30.

Na biyu shi ne rumbun ajiya da ya fara gajiya, wato had-dis. Yawancin laftof ɗin da muke saye na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso mu, ga zafi ga jijjiga a bayan babur. Wurin da fayil yake kwance a kan faifan yakan lalace har ya ƙi karantuwa.

Na uku, bairos da maganinsa. Wani bairos yakan rubuta kansa a rajista a matsayin sabis. Anti-bairos ya zo ya kama fayil ɗin ya goge, amma ya bar sunan a rajista, sai Windows ya yi ta kiran wanda ba ya nan kullum safiya. Wani lokacin ma maganin ne ke kuskure. A ranar 21 ga Afrilu 2010 kamfanin McAfee ya fitar da sabuntawa mai lamba 5958 wadda ta ɗauki svchost.exe, fayil ɗin da sabis-sabis da yawa na Windows ke hawa kansa, a matsayin bairos a kwamfutocin Windows XP masu SP3. Kwamfutoci a ofisoshi da yawa suka shiga kashe kansu suna sake tashi, ga babu hanyar sadarwa da za a aiko musu da gyara, sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai na huɗu, wanda mutane ba sa son ji: manhajojin "share datti" da ke alƙawarin ƙara wa kwamfuta gudu, da Windows ɗin da wani ya yi wa aski ya cire sassa don ya yi sauƙi a tsohuwar na'ura. Irin wannan tun ranar ɗora shi da giɓi ya zo.

Mene ne abu na farko da zan yi?

Ɗauki wayarka ka ɗauki hoton saƙon, yadda sunan fayil da lambar za su fito sarai. Mutum ya zo ya ce "wani rubutu ne na Turanci" bai ba mai gyara komai ba.

Daga nan ka zare duk abin da ke maƙale a jikin kwamfutar: filas, mimori, had-dis na waje, har faifan da aka manta a ciki. Wata rana wani dattijo ya kawo mini laftof a naɗe cikin darduma, hankalinsa a tashe, ya ce takardun gadon gidansu duka suna ciki. Na juya ta sai ga wani ɗan mitsitsin filas a gefe, wanda bai fi farce ba, jikansa ya bari. Kwamfutar tana ƙoƙarin tashi daga filas ɗin ne maimakon rumbunta. Na zare, na kunna, ta tashi lafiya. Ya daɗe yana kallon filas ɗin a tafin hannunsa yana hamdala.

Idan ba wannan ba ne, shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta da ake buɗewa tun kafin Windows ya tashi, yawanci da F2 ko F10 ko Del ko Esc gwargwadon kamfani, ka duba abu biyu: shin sunan rumbun ajiyarka ya fito? Shin kwanan wata daidai yake? Idan kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon uwa ya mutu, galibi CR2032 ne a kwamfutar tebur. Mutuwarsa kan mayar da saituna yadda suka fito daga masana'anta, har jerin abin da za a fara tashi da shi ya canja, ko yanayin rumbun ya sauya daga AHCI zuwa wani. Sai kwamfuta ta yi ta kukan ba ta ga fayil ba alhali ko ɗaya bai ɓace ba.

Tawa tana shiga Windows, amma wani abu ba ya aiki. Ta yaya zan gano sabis ɗin da ya faɗi?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr.msc. A hagu ka buɗe Windows Logs, sannan System. Nemi jajayen layuka da tushensu Service Control Manager ne, a daidai lokacin da ka kunna kwamfutar. Lamba 7000 tana nufin sabis ya kasa tashi, kuma a ƙasa za ta faɗi dalili. Idan ka ga "The system cannot find the file specified", fayil ɗin ne babu. Lamba 7001 tana nufin shi lafiyarsa ƙalau, wanda yake jira ne bai tashi ba, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa, bi sawun wancan. Lamba 7026 kuma direbobin da ake lodawa tun farkon tashi ne suka ƙi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta.

Da ka samu sunan, buɗe services.msc, ka danna shi sau biyu. Akwai layin da ke nuna adireshin fayil ɗinsa. Bi adireshin da idonka ka gani ko yana nan. A nan hukunci yake rabuwa biyu. Idan adireshin yana nuna babban fayil ɗin wata manhaja da ka cire tuntuni, tsohuwar firinta ko modem ko anti-bairos da ya ƙare, to ba abin da ya lalace, suna ne ya rage a rajista. Mayar da shi Disabled ka huta. Na fi son haka a kan goge shi da umarnin sc delete, domin abin da ka kashe kana iya kunnawa gobe, wanda ka goge kuwa ya tafi. Idan kuma adireshin yana cikin C:\Windows\System32 ne kuma sabis ɗin na Windows ne, sai a koma ga gyaran da ke tafe.

Gargaɗi ɗaya: kada ka bi jerin kana kashe duk wanda ba ka gane ba. Akwai irin su Remote Procedure Call da kusan komai ya rataya a kansu.

Kullum na kunna sai wani akwati mai suna RunDLL ya ce bai ga wani abu ba, amma komai na aiki.

Wannan galibi sawun bairos ne da aka riga aka kashe, ko manhajar da aka cire ba da kyau ba. Sauke Autoruns daga shafin Microsoft, kyauta ne, yana cikin kayan Sysinternals da kamfanin ya saya a 2006. Buɗe shi da ikon mai gudanarwa, wato ka danna dama a kansa ka zaɓi Run as administrator. Layukan da aka shafa wa launin rawaya su ne waɗanda fayil ɗinsu babu. Nemi mai sunan da akwatin ke ambata, ka cire alamar da ke gabansa, ka sake kunna kwamfutar. Shi kaɗai za ka taɓa, ba duk rawayen ba.

Idan fayil ɗin na Windows ne da gaske, ina zan samo shi?

Windows yana da ma'ajiyar kayan gyaransa, a cikin C:\Windows\WinSxS, kuma yana da ma'aikaci mai ɗebowa daga can. Buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar da ake rubuta umarni a ciki, da ikon mai gudanarwa, ka rubuta:

sfc /scannow

Ka bar shi ya kai 100, ko da ya yi kamar ya tsaya. Amsa ɗaya cikin uku ya fi bayarwa: bai ga matsala ba, ko ya gani ya gyara, ko ya gani amma wasu sun gagare shi. Ta ukun tana nufin ita kanta ma'ajiyar ta taɓu. Daga Windows 8 zuwa sama akwai mai gyara ma'ajiyar:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan yana buƙatar intanet, domin daga Microsoft yake ɗebo lafiyayyun kwafi, saboda haka a tanadi data da caji kafin a fara. Yakan daɗe a wata lamba ɗaya kamar ya mutu, bai mutu ba. Idan ya gama sai ka maimaita sfc. Mai son sanin takamaiman fayil ɗin da aka taɓa zai same shi a C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log.

Kafin duk wannan, leƙa tarihin kariya na anti-bairos ɗinka. Idan shi ya tsare fayil ɗin bisa kuskure, yana nan a killace, ana iya sako shi.

Na ga shafuka da ke ba da fayilolin DLL kyauta. In sauke wanda ya ɓace in jefa a System32?

A'a, don Allah. Garin neman gira ake rasa ido. Ba ka san wanda ya ɗora fayil ɗin ba, ba ka san abin da aka cusa masa ba, kuma kai da hannunka za ka kai shi ɗakin da ya fi kowane tsaro a kwamfutar. Ko da mai tsabta ne, zai iya zama na wani zubin Windows daban, ko na 32-bit alhali naka 64-bit ne. Idan sunan da ake nema irin MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ne, ai ba ma na Windows kansa ba ne, na kunshin Visual C++ Redistributable ne, kuma Microsoft na ba da shi kyauta a shafinsa. Ɗora kunshin gaba ɗaya, magana ta ƙare.

Tawa ko Windows ba ta shiga. Ina zan rubuta waɗannan umarnin?

Windows 10 da 11 suna da ɗakin gyara na musamman. Idan tashi ya faskara sau biyu ko uku a jere, yawanci da kansa yake kai ka can. Idan bai kai ka ba, sai ka je wata lafiyayyar kwamfuta ka haɗa filas na ɗora Windows da Media Creation Tool na Microsoft. Filas ɗin ya kai 8GB, kuma ka sani duk abin da ke kansa zai goge. Tashi kwamfutar daga filas ɗin, amma kada ka danna ɗorawa, zaɓi gyara, sannan Troubleshoot.

Kafin ka gyara komai, kwashe kayanka. Wannan shi ne matakin da na fi nacewa a kai, kuma shi aka fi tsallakewa. Ga wata dabara mai sauƙi: buɗe Command Prompt a ɗakin gyaran, ka rubuta notepad. Idan ya buɗe, danna File sannan Open, ka canja nau'in fayil zuwa duka. Wannan ɗan tagar ta zama maka hanyar yawo cikin rumbun. Shiga Users, nemo sunanka, danna dama a kan Documents ko Desktop ka kwafa zuwa wani filas ko had-dis na waje. Ba zai nuna maka ci gaban kwafin ba, zai yi shiru kamar ya daskare, ka ba shi lokaci.

Bayan nan gwada Startup Repair. Idan bai yi ba, gwada System Restore ko cire sabuntawar ƙarshe, musamman idan bayan sabuntawa abin ya faru. Idan duk sun gaza sai a koma hannu. A ɗakin gyara haruffan rumbu sukan canja, Windows ɗinka zai iya zama a D maimakon C, don haka rubuta diskpart, sannan list volume, ka tabbatar, sannan exit. A ce a D yake:

chkdsk D: /f

sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows

Idan kuma BCD ne ya lalace, tsofaffin kwamfutoci masu tsarin MBR sukan warke da bootrec /fixmbr, bootrec /fixboot da bootrec /rebuildbcd. A sababbi masu UEFI, bootrec /fixboot yakan amsa da "Access is denied", mutane su ɗauka sun yi kuskure. Ba su yi ba, hanyar ce daban. A diskpart za ka ga wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32, galibi 100MB ko sama kaɗan. Zaɓe shi da select volume da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka fita, sannan:

bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI

Wannan yana sake rubuta fayilolin tashi daga lafiyayyen kwafin da ke cikin Windows ɗin. A diskpart ka yi taka-tsantsan, kada hannunka ya je ga clean ko format. Idan ba ka natsu da wurin ba, ka tsaya a kwashe kaya ka kai wa mai gyara, babu abin kunya a ciki.

Ɗakin gyaran yana tambayata wata doguwar lamba ta BitLocker.

Rumbunka a kulle yake, kuma mabuɗin lambobi 48 ne. Laftof da yawa na zamani suna kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Shiga wannan asusun ta waya, mabuɗin yana ajiye a can. Idan ta ofis ce, yana wurin masu kula da kwamfutocin ofishin. Idan babu mabuɗin, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka kayan, duk wanda ya ce zai iya kada ka ba shi kuɗinka. Darajar wannan lamba ta fito fili a ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wata gurɓatacciyar sabuntawa ta kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta hana kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. Gyaran goge fayil ɗaya ne kawai, amma masu rumbu a kulle sai da suka nemo mabuɗi kafin su kai gare shi. Mai lafiyayyar kwamfuta ya nemo nasa yau ya rubuta a takarda.

Na gyara ta tashi, bayan kwana uku wani fayil daban ya sake ɓacewa.

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Fayil ba ya ɓacewa sau biyu sau uku haka kawai, kusan kullum rumbun ne ke mutuwa a hankali. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne, yana karanta rahoton lafiyar da rumbun ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ajali ya kusa. Idan ka ga rawaya a layin Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikin laftof ɗin, daina duk wani gyara. Kada ma ka sa chkdsk /r, domin yana tilasta wa majinyacin faifai karanta kowane lungu na sa'o'i, wani a nan yake cikawa. Kwashe kaya, ka sayi sabon rumbu, SSD idan aljihu ya yarda. Ɗora sabon Windows a kan rumbu mai ciwo asarar kuɗi ne, bayan wata guda za ka dawo.

Idan rumbun ya nuna lafiya, gwada RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da mdsched.exe. RAM mai matsala yana gurɓata abin da ake rubutawa ba tare da ya yi ƙara ba. Wani lokacin ƙurar hunturu ce kawai ta shiga ramin, a cire a goge a mayar.

To yaushe fomat ya zama dole?

Idan bairos ya yi kaka-gida har ba ka amince da kwamfutar ba, ko Windows ɗin tun asali askakke ne, ko an sauya rumbu. Ko a nan akwai matakai kafin a kai ga share komai. Idan kana iya shiga Windows, buɗe filas ɗin ɗorawa daga ciki ka danna setup.exe, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji. Zai sake shimfiɗa fayilolin Windows duka, kayanka na nan. Sai Reset this PC tare da zaɓin ajiye fayiloli, wanda ke barin takardunka amma ya cire manhajojin da ka ɗora. Idan za ka ba mai gyara, ka tambaye shi baki da baki ko ya kwashe kayanka, kuma ka gan su da idonka a wani wuri kafin ya danna komai.

Ni har yanzu Windows 7 nake amfani da shi, wani ɗan'uwana ma XP.

A Windows 7 sfc da bootrec da Startup Repair duk suna aiki, amma umarnin DISM na sama ba ya aiki, kuma F8 a farkon tashi yana buɗe zaɓin Last Known Good Configuration, wanda kan ceci kwamfutar da sabon direba ya kayar. A XP saƙonnin su ne "NTLDR is missing" ko ɓacewar hal.dll, ana gyara su da faifan XP ta Recovery Console, da fixboot da bootcfg /rebuild, ko kwafo ntldr da ntdetect.com daga babban fayil ɗin i386 na faifan. Microsoft ya daina tallafa wa XP a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. Idan tsohuwar na'urar tana riƙe da wata firinta ko manhajar aiki da ba ta hawa sabon Windows, a bar ta ta ci gaba da aikinta, amma a raba ta da intanet, kuma a daina soka mata filas ɗin kowa.